Hular da Na Ba Dakta Bisa Kuskure

Ranar Laraba wasu samari uku suka tsaya a bakin rumfata a nan Dala, suna jiran in gama goge hular ɗayansu. Mai hular, wani mai siririn gemu kamar da biro aka zana masa, ya ƙare wa bahona kallo ya ce, "Baba Gana, wai wannan ma sana'a ce? Ba omo da buroshi ne kawai ba?" Abokansa suka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, don na fi shekara arba'in ina jin maganar nan, kuma duk wanda ya faɗe ta za ka tarar hularsa a hannuna take, ba a nasa ba. Kafin in buɗe baki sun hau babur sun yi gaba. To ga amsar na rubuta, wanda ya fi haƙurin karatu a cikinsu ya karanta wa sauran.

Omo da buroshi kowa yana da su a gida. Amma zanna mai kyau, wani ya yi wata biyu ko uku yana ɗinka ta da allura, zare bayan zare, har idonsa ya fara gani dishi-dishi, kai kuma cikin minti biyar za ka iya kashe ta. Ka goga buroshi ta inda zare bai kwanta ba, ta tashi da gashi kamar tsohon bargo. Ka jiƙa mai jan zare tare da fara, ka tashi da hula biyu masu ruwan hoda. Dara kuwa ba ta shiri da ruwa sam, lallaɓa ta ake yi. Ga gumi, ga man gashi, ga turaren da wasu ke fesawa a ciki don kada su kawo wanki, kowanne da yadda ake fitar da shi. Bayan wanki sai ƙaro: ka jiƙa shi, ka tace, ka shafa daidai. In ya yi yawa, mutum ya fita da kwano a ka. In ya yi kaɗan, hula ta kwanta tun ba a shafa fatihar ɗaurin aure ba. Sannan ka ɗora ta a kan katakon da aka sassaƙa kamar kan mutum, wanda mu a rumfa "kai" kawai muke ce masa, ta sha rana, ka bi ta da dutsen guga na gawayi. Ina da kai goma sha huɗu, daga inci ashirin zuwa ashirin da huɗu, wasunsu sun girme ni.

Kawuna Malam Modu ne ya koya mini. Kakanmu daga Borno ya zo karatu ya zauna, mu duk a nan aka yanke mana cibiya, Barbarci ma sai dai gaisuwa da zagi. Kawu bai bar ni na taɓa ruwa ba sai da na yi wata shida a gabansa. Ranar Juma'a yakan zaunar da ni a bakin masallaci in an sallame, ya nuna mutum da haɓa ya ce, "Wancan fa?" In ce, "Ashirin da biyu." Ya ce, "Da rabi! Ba ka ga ƙeyarsa ba?" Sai ranƙwashi. Da ranƙwashi na haddace kawunan mutanen Dala. Har yau in na gaisa da mutum nakan manta fuskarsa, amma ban da kansa.

Hular farko da ya yarda na goge ta limamin layinmu ce, fara sol. Na ɗora dutsen guga, sai faɗa ya ɓarke tsakanin mai rake da mai kurar ruwa a bakin titi, na tsaya in ga wa zai kai wani ƙasa. Ƙauri ne ya dawo da ni. Kawu bai doke ni ba, cewa ya yi in ɗauka in kai wa liman da hannuna, in faɗa masa da bakina. Liman ya juya hular ya duba, ya ce ba komai, ai tabon a baya yake, shi ba zai gani ba. Shi bai gani ba, amma ni da nake sallah a bayansa sau biyar a rana, shekara guda ina kallon tabon nan. Ban sake barin dutse a kan hula ba.

Masu kawo wanki ma karatu ne mai zaman kansa. Akwai wanda zai yi aski ƙwal ya zo ya ce ka buɗa masa hula, ya dawo bayan wata guda da suma ya ce ka matse ta. Akwai angon da zai kawo tasa ƙarfe goma, ɗaurin aure sha ɗaya, ya tsaya a kanka yana tambaya ko ba za ka iya ƙara wa rana zafi ba. Akwai mai barin hula shekara biyu, ranar da ka gaji ka sa ta a ƙasan akwati ranar zai zo. Duk ka haƙura da su. Kawu yakan ce aikinmu biyu ne kacal: hula ta zauna a kan mai ita, kuma ta koma ga mai ita.

Sau ɗaya tak na karya dokokin nan, duka biyun a safiya ɗaya. Kuskuren nan ya ba ni sunan da aikin kirki na shekara talatin bai ba ni ba, ya cika mini rumfa, ya kuma mai da ni maƙaryaci ba tare da na furta ƙarya ko ɗaya ba.

Akwai wani malamin jami'a, Dakta Lawi, mutumin Madabo, lissafi yake koyarwa. Kansa ashirin da uku da rabi, kai na sosai, irin wanda in ya shigo rumfa sai ka ji daɗin kallonsa. Akwai kuma maƙwabcina Alhaji Ɗanjuma mai goro, kansa ashirin da ɗaya, amma bakinsa ya rama masa. Tsautsayi ya sa su biyun suka sayi zanna iri ɗaya, shuɗi da ruwan toka, suka kuma kawo wanki mako ɗaya. Na wanke, na goge, na sa kowacce a ledarta.

Ran da abin zai faru, Dakta ya zo da sassafe a adaidaita sahu, ko saukowa bai yi ba. "Malam Gana, hulata! Ƙarfe tara nake da aji!" Ni kuwa ina tsakiyar musu da mai shayin kusa da ni a kan ko za a yi ruwa ranar, ina ganin ni nake da gaskiya, ba na son maganar ta huce. Na kai hannu baya na zaro leda na miƙa masa, ɗaya hannun yana nuna wa mai shayi gabas.

Ba a yi rabin awa ba wayata ta yi ƙara.

"Malam Gana, hula ka ba ni ko murfin buta?"

"Subhanallahi, Dakta, wace irin magana ce wannan?"

"A tsakar kaina take zaune kamar na ɗauko talla! Ga ni da babbar riga, ba zan shiga aji kai ba hula ba. Wallahi in na taso sai mun yi ta da kai."

Ina ajiye waya sai ga Alhaji Ɗanjuma ya zo karɓar tasa. Na san abin da ke cikin ledar da ta rage, amma na yi gum, ko Allah zai sa kansa ya ƙaru a cikin makon. Ya sa hula, ta wuce gira, ta sauko ta tsaya a kan hanci. Daga ciki na ji murya tana cewa, "Gana, ni za ka kifa wa tukunya?"

Muna cikin haka muka ji ƙara daga can bayan ganuwa. Mai shayi ya ce tayar mota ce. Aka sake, aka kuma sake, ba tsayawa. Babu wanda ya ƙara cewa taya ce.

'Yan bindiga ne suka shiga jami'a, suka faɗa ɗakunan karatu suka buɗe wuta a kan yara da malamansu. Ba zan faɗi adadi ba, don kowa da nasa, kuma wanda aka kashe wa ɗa ɗaya ba ruwansa da adadi. Abin da na gani da idona shi ne adaidaita sahu suna shigowa lunguna a guje, 'yan mata ba takalmi ba mayafi, iyaye suna fita ta inda kowa ke shigowa, waya a kunne, suna kiran lambar da ba a ɗauka. Na rufe rumfa. Washegari unguwa-unguwa aka yi ta sallar jana'iza, wani ka san shi, wani ka san ubansa. Na kira Dakta ya fi sau goma, waya a kashe. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na ɗauka maganar ƙarshe da za ta shiga tsakaninmu ita ce ta murfin buta.

Kwana uku sai ga shi da ƙafarsa, kai ba hula, leda a hannu. Nan da nan mutane suka kewaye rumfa. Ya zaro zannar Alhaji, huda a gaba, huda a baya, yatsa yana shiga. Ya ce da suka banko ƙofa ya durƙusa a bayan teburin malami, hular ce kaɗai ta leƙo sama. Mai harbi ya auna tsakiyarta, inda kai ya kamata ya kasance. Hula ta yi sama, shi kuma ya zube ya ƙi motsi, suka wuce. Da yake malamin lissafi ne, har da rula ya zo. Ya ɗora hular a ka ya nuna wa jama'a cewa tsakanin hudar da fatar kansa yatsa biyu ne. Ya ce, "Hular wani ce, ta yi mini kaɗan. Da tawa ce, wadda kaina ke shiga ciki sosai, da yau kuna sadakar ukuna." Ya yi bayanin nan tiryan-tiryan har sau biyu. Sannan ya zauna a benci ya fara kiran sunayen 'yan ajinsa da ba su fito ba, ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu ya kwashi iyalinsa ya tafi Kazaure wajen surukansa ya huta, hular tana cikin jakarsa.

Shi ke nan, rula ta tafi Kazaure, labari ya zauna a Kano. A Dala ana cewa harsashi ya huda hula ya kauce wa kai. Kafin labari ya kai Madabo, harsashin ya zama ruwa ya jiƙa wa Dakta riga. A Zaitawa kuwa cewa aka yi ana harbawa ya ɓace, sai ganinsa aka yi a tsakar gida yana cin ɗumame. Abu ɗaya ne kowa ya yarda da shi: sirrin yana cikin ƙaron Gana. Wai wani rubutu nake wankewa a ciki, wanda kakana ya zo da shi daga Borno. Kakan nan nawa, Allah ya jiƙansa, abin da ya bar mana buzu ne da tari.

Ku da kuke yara lokacin ba za ku tuna yadda shekarar ta kasance ba. An rufe jami'a, ɗalibai da malamai sun watse, su ne rabin masu kawo mana wanki. Ɗaurin aure ya koma na mutum goma a zaure, suna ma haka, kowa yana tsoron taro. Wanda ba ya zuwa taro me zai yi da wankakkiyar hula? Abokan sana'ata suka zauna suna korar ƙuda daga kan katako, wasu suka koma sayar da rake. Ni kuwa sai da na ari baho a maƙwabta.

Ana idar da sallar asuba layi yake kamawa. Wani ya kawo hula tara, har da wadda ɓera ya ci rabi. Wani ɗan acaɓa ya kawo hular kwano, ya ce a sa mata ƙaro sosai. Mata suka fara aiko da ɗankwali. Wata tsohuwa ta aiko da hular jariri ta ulu, ta ce jikanta ne, bai fara zama ba, amma a yi rigakafi. Ruwan ɗauraya da nake zubarwa a kwata, wata rana na waiga na ga wani dattijo da gemunsa fari yana tarbarsa a gora.

Duk wanda ya iso gabana sai ya matso, ya rage murya ya ce, "Baba Gana, wai da gaske ne?" Ni kuma sai in sunkuyar da kai, in ɗan yi jim, in ce, "Allah ne mai tsarewa." Ku duba, akwai ƙarya a nan? Babu. Amma na san yadda nake sunkuyar da kan, na kuma san tsawon jim ɗin. Mai ɗakina Falmata ce kaɗai abin bai ci ba. Ta ce, "Malam, kai da kunama ta harba bara ka tara mana unguwa da ihu, yau kai ne maganin bindiga?" Na nuna mata tukunyar da ke kan wuta, na ce a gidan wa ta ga irinta a layin nan? Ta ce ita dai ta faɗa.

Alhaji Ɗanjuma ne ya kusa kai ni ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai, hularsa ce ta yi aikin amma ni ake yabo. Ya riƙa bin majalisa-majalisa da babbar hular Dakta a ka, ya cusa mata jarida don ta tsaya, yana cewa, "Jama'a, wane ƙaro? Hulata ce! Musanya ya yi, tawa ya ba Dakta. A dawo mini da abata, da hudarta da komai!" Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Ina! Mutane suka dubi juna suka ce, "Ashe da gangan ya musanya. Ya hango abin tun kafin ya faru."

Nan na san na shiga uku. A shekarar nan, mutum mai suna Gana, jikan mutumin Borno, a ce ya san za a kai hari tun kafin a kai, wannan ba yabo ba ne. Ba a yi kwana huɗu ba wasu jami'an tsaro biyu suka yi sallama da hantsi, ba kaki a jikinsu, suka ce in zo oga yana son ganina. Na roƙi a bar ni in tafi da kayan aikina. Na ɗauki kai biyu, ashirin da ɗaya da ashirin da uku da rabi, ɗaya a kowace hammata. Mutanen layi suka ga haka suka ce ya tafi da aljanunsa.

Ogan mutum ne mai natsuwa, ashirin da biyu daidai. Ya ba ni kujera ya ce, "Baba, yaya aka yi ka san abin da zai faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ko ruwan da na ce za a yi ranar ba a yi ba."

Na jera kawunan a tebur na zayyana masa komai, ba sunkuyar da kai, ba jim. Ya kira Dakta a waya, ya kuma sa aka zo da Alhaji. Alhaji ya shigo yana rantse-rantse, oga ya ce ya cire jaridar ya sa hular yadda take. Ta faɗo har hanci. Oga ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Kafin la'asar aka sallame ni. Na kai bakin ƙofa ya kira ni, ya jawo aljihun tebur ya fito da hular aikinsa.

"Ni fa ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba," in ji shi. "Datti kawai ta yi."

Na dawo na tarar da rumfa cike. An riga an ce a ɗaki mai ƙofa uku aka kulle ni, aka buɗe ba a gan ni ba. Ga dama ta samu, kowa yana nan, maganar da na yi wa oga tana bakina da ɗuminta. Na dubi tarin hulunan da ke jirana. Na sunkuyar da kai, na yi jim, na ce Allah ne mai tsarewa. Na faɗi gaskiya inda ƙarya za ta ɗaure ni, na ɓoye ta inda ƙarya ke ciyar da ni. Har yau ina jin kunyar yammacin nan.

Bayan wasu watanni aka sanar za a buɗe jami'a, sai layin ya koma na iyaye da ɗalibai. Yaran da ban taɓa gani da hula ba, masu askin gayu irin naku, duk sun zama masu zanna. Ɗaya ya karɓi tasa ya dasa a ka, ya ce da abokinsa, "Yanzu ko sun dawo ni ba zan gudu ba." Abokin ya ce, "Ni kuwa bayanka zan ɓuya." Layi ya ɗauki dariya. Ni dutsen guga ya yi mini nauyi a hannu, don na gane abin ya wuce wasa, yaro zai iya tsayawa a gaban bindiga saboda ni. Duk da haka na ci gaba da guga.

Washegari da hantsi, layi ya kai bakin masallaci, wani dattijo ya iso gabana. Na san kan, ashirin da biyu da rabi: Malam Inuwa na Zaitawa, tsohon malamin firamare. Sai dai ya rame har hularsa ta fara yi masa yawa. Na ji an yi masa rasuwa a harin, ban dai je gaisuwa ba, wanki ya yi mini yawa. Ya miƙo mini wata sabuwar damanga.

"Ta ɗana Aminu ce. Litinin zai koma makaranta. Uwarsa ta ce ba zai taka ƙofar jami'ar nan ba sai ka wanke masa." Sai ya dube ni, bai rage murya kamar sauran ba. "Malam Gana, da gaske ne?"

Na sunkuyar da kai, don wuya ya saba. Amma jim ɗin ya ƙi ƙarewa, bakina ya ƙi buɗewa. Na ajiye dutsen guga, na hau benci.

"Jama'a, ku saurara! Babu komai a ƙaron nan sai ƙaro, a kasuwa nake saye kamar kowa. Kuskure na yi. Ina musu da mai shayi na ba Dakta hular Alhaji, ta yi masa kaɗan, Allah ya yi da sauran kwanansa. Wanda ya ji harbi ya kwanta ko ya gudu, kada ya tsaya saboda wankina. Ni kaina in na ji, sai na riga ku kaiwa gida."

Can daga baya wani ya ce, "Manya dama ba sa faɗa." Wani ya ce tsorata ni aka yi a ofis. Sai da na haɗa wallahi da tallahi da billahi, sannan layi ya fara zarewa. Mai hular kwano, wanda ya dawo a ƙara masa ƙaro karo na huɗu, ya fizge abarsa ya ce Allah ya isa tsakaninmu. Dattijon nan mai gora ya matso ya ce, to shi da ya yi wata uku yana sha fa? Na ce cikinsa dai ya wanku. Kafin azahar rumfa ta koma yadda kawu ya bar mini ita, saura Malam Inuwa a kan benci.

"Na sani," in ji shi. "Tun kafin in fito daga gida na sani."

"To, Malam, me ya sa ka tambaya?"

"In ji ko za ka faɗa." Ya dubi damangar. "Nura, yayan Aminu, kai kake yi masa wanki. Dogo, mai zuwa ranar Alhamis."

Na tuna shi sarai. Ashirin da biyu, kullum sai ya ce, Baba, kada ƙaro ya yi yawa.

"Wankinka ne a kansa ranar. Abokinsa da ke kusa da shi ya ce ko da ya faɗi tana nan a kansa, ko karkacewa ba ta yi ba." Ya dube ni. "Tasa kam ka yi ta daidai."

Ba da zargi ya faɗa ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Abin da na yi shekara talatin ina taƙama da shi ke nan. Na zauna a ƙasa kusa da baho, hawaye ya zubo mini, ban ɓoye masa ba.

"Uwarsu ba ta san wannan ba," in ji shi. "Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba. Zan ce mata an wanke, kuma ba ƙarya na yi ba. Maganarka ta yau za ta je kunnenta, amma ba kafin Litinin ba in na iya. Ni dai yaro ya koma karatu."

Na share ido, na ɗauki damangar Aminu na zura hannu a ciki na auna. Ashirin da biyu, kamar ta yayansa. Na miƙa hannu wajen kawunan katako, sai na ga hannuna ya sauka a kan ashirin da ɗaya. Ni da na gama rantsuwa a kan benci yanzun nan.

"Malam," na ce, "ko in ɗan matse ta? Ta ɗan hau sama?"

Ya daɗe yana kallon katakon nan, har na ɗauka zai ce to. Sannan ya girgiza kai.

"A'a. Yi masa daidai kansa. Karatu zai je, kada yara su yi masa dariya."

Na mayar da ashirin da ɗaya wurinsa, na jawo ashirin da biyu, na tashi in ɗebo ruwa.